Daga shirwar kasuwar Magami zuwa mikiyar Kwatarkwashi: yadda ake ɗaukar hoton tsuntsayen farauta da namun gidan zu

Duk wanda ya taɓa zama kusa da rumfar mahauta a Magami ranar kasuwa ya san wasan. Shirwa na shawagi a sama kamar ba ruwanta da kowa, can sai ta kawo sura, ta fizgi tsokar nama ta yi gaba. Samari su zaro waya, kowa ya danna. In an duba hoton, ba abin da ake gani sai farin sama da wani baƙin ɗigo kamar ƙuda ya sauka a fuskar wayar. Daga nan sai a ɗora wa wayar laifi, a ce sai an sayi mai tsada.

Tsadar waya tana taimakawa, amma ba ita ce kan gaba ba. Abubuwa uku ne ke kashe irin wannan hoto: nisa, haske da rashin sanin halin tsuntsun. Wanda ya gane su zai fitar da hoton kirki da Tecno ko Infinix ɗin da ke aljihunsa, ko da tsohuwar kyamara ta hannu. Kuma a wannan yanki na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, hoton ya wuce abin ɗorawa a Facebook, domin wasu daga cikin tsuntsayen nan suna ɓacewa a gaban idon jama'a.

Abin da ya sa hoton ke da daraja

Dutsen Kwatarkwashi, da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu a kan hanyar Gusau zuwa Tsafe, sananne ne a wurin masu nazarin tsuntsaye saboda mikiya. A 1980 wasu masu bincike biyu, A. W. Cook da P. J. Mundy, sun wallafa rahoto a mujallar Malimbus game da mikiyoyin da ke sheƙa a jikin dutsen. Wannan mikiya ita ce babbar dangin ungulu mai dogon wuya, wadda faɗin fukafukanta ke wuce mita 2. Irinta ce ta yi karo da jirgin sama a sararin Abijan a Nuwamban 1973, a tsayin kusan mita 11,300, tsayin da ba a taɓa tabbatar da wani tsuntsu ya kai ba.

A 2015 ƙungiyar IUCN, mai tattara jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sanya wannan mikiya da ungulun da aka saba gani a kwata cikin rukunin waɗanda ke dab da ƙarewa. Binciken da Darcy Ogada ta jagoranta a wannan lokaci ya ƙiyasta cewa a tsawon zuriya uku mikiya ta ragu da kusan kashi 97 cikin 100, ungulu kuma da kashi 83. Manyan dalilan su ne guba da ake sa wa mushe da kuma cinikin sassan jikinsu don haɗa magani. Gaggafa ma, mai jar fuska da guntun bindi, ta shiga jerin masu haɗari a 2020.

Dattawa na cewa ungulu ba ta jewar banza, amma a kwatoci da yawa na Arewa yau jewar ma ta yi wuya. Saboda haka hoton ungulu ko mikiya mai ɗauke da kwanan wata da sunan gari shaida ce da masu bincike ke nema, musamman daga wuraren da rashin tsaro ya hana baƙi zuwa. Ɗan gari mai waya yana inda masanin ba ya iya kaiwa.

Lissafin nisa

Ana auna ƙarfin zuƙowar gilashin kyamara da milimita. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana tsakanin milimita 24 zuwa 26 ne, wato an yi ta don ɗaukar fili mai faɗi, kamar taron biki ko gona.

Ga lissafin a sauƙaƙe. A ce shirwa mai faɗin fukafukai mita ɗaya da rabi tana nisan mita 50. Gilashi mai milimita 26 a wannan nisa yana kwaso fili mai faɗin kusan mita 70. Idan faɗin hoton fiksel 4,000 ne, rabon shirwa bai kai fiksel 100 ba. Shi ne baƙin ɗigon nan. Da gilashi mai milimita 120 filin zai koma mita 15, shirwa ta samu fiksel 400, a fara ganin tsagar bindinta. Da milimita 400 kuwa filin mita huɗu da rabi ne, tsuntsun ya cinye sulusin hoton, har launin bakinsa ya fito.

Ware yatsu biyu a fuskar waya ba ya canza wannan lissafi. In wayar ba ta da gilashin zuƙowa na daban, abin da take yi shi ne ta yanke tsakiyar hoton ta buɗa shi. Zuƙowa ninki biyu ta wannan hanya na zubar da kashi uku cikin huɗu na fiksel ɗin. Wayoyin da aka rubuta wa megafiksel 50 ma yawanci suna haɗe fiksel huɗu-huɗu ne su ba da hoto mai 12.5, don haka a rana mai haske ya fi kyau a kunna cikakken 50 ɗin a ɗauka, daga baya a yanke da hannu.

Zuƙowar da ake tallatawa ta ninki 50 ko 100 kuma tana da wata illa. Manhajar wayar ce ke cike gurbin abin da gilashin bai gani ba, ta zana gashin da babu shi. Hoton zai iya burge abokai, amma ba zai yi amfani wajen tantance irin tsuntsun ba.

Wane kayan aiki?

Akwai matakai huɗu, gwargwadon aljihu.

Na farko, waya mai gilashin zuƙowa na gaske. iPhone 15 Pro Max na da mai ninki 5, daidai da milimita 120. Samsung Galaxy S23 Ultra na da mai ninki 10, daidai da milimita 230. Kafin a saya a duba bayanan wayar da kyau, domin ramuka uku ko huɗu a bayan waya ba su nufin akwai gilashin zuƙowa a cikinsu.

Na biyu, waya da madubin hangen nesa. Ana ɗora idon kyamarar wayar a kan ido ɗaya na madubin, mai ninki 8 ko 10. Milimita 26 sau 8 ya haura 200. Akwai ɗan maƙali na roba da ke riƙe su tare, wasu kuma da robar taya suke ɗaurewa. Wannan dabara ba ta kama tsuntsu mai tashi, amma ga shaho da ke zaune a kan falwaya ko ungulu a kan rimi tana aiki sosai.

Na uku, kyamara mai dogon zuƙowa wadda ba a cire gilashinta. Nikon Coolpix P900, da ta fito a 2015, tana zuƙowa ninki 83, har milimita 2,000. P1000 ta 2018 ta kai 3,000. Canon PowerShot SX70 HS na da ninki 65. Farantin da ke karɓar haske a cikinsu ƙarami ne, don haka suna son rana, suna wahala da magariba.

Na huɗu, kyamara mai sauya gilashi. Tsohuwar Canon mai ƙaramin faranti da gilashin 55-250 tana ba da abin da ya yi daidai da milimita 400. Nikon da gilashin 70-300 tana ba da 450. Masu hoton biki da yawa suna da irin waɗannan a ajiye. Mai sayen ta hannu ya haska gilashin da tocila ya duba ko akwai fumfuna ko ƙura a ciki, ya gwada batir, ya kuma ɗauki farin bango ya ga ko tabo zai fito.

Ƙiftawa da haske

Kyamara tana da abin da ya yi kama da fatar ido: tana buɗewa haske ya shiga, ta rufe. Tsawon wannan ƙiftawa shi ne lambar da ke ƙarƙashin harafin S a sashen Pro na waya. A ce shirwa na gudun mita 10 a daƙiƙa. In ƙiftawar 1/100 ce, tsuntsun ya matsa santimita 10 kafin a rufe, hoto ya yi jirwaye. In 1/2000 ce, milimita 5 kawai ya matsa. Don haka tsuntsu mai tashi yana son 1/1600 zuwa 1/2000, mai zaune kuma 1/500 ta ishe shi.

A tsakar rana babbar kyamarar waya tana kai wannan sauri da kanta, domin ƙofar haskenta a buɗe take sosai. Masu dogon zuƙowa ne ke buƙatar taimako, saboda ƙofarsu na tsukewa in an zuƙo. A nan sai a ɗaga ISO zuwa 400, ko 800 in da hazo. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana iya gyara shi, wanda ya girgiza kuwa ya tafi ke nan.

Matsala ta biyu ita ce baƙin tsuntsu a farin sama. Kyamara na auna hasken saman ne, ta rage, tsuntsun ya koma inuwa. Maganinta a ɗaga EV zuwa +1, wani lokaci har +2. A waya, a taɓa fuskar a ja alamar rana sama. Sannan a tsaya rana na bayan mai ɗauka, ba a gabansa ba.

Ta uku ita ce jinkiri. Tsakanin dannawa da ɗauka akwai ɗan lokaci, shirwa kuma ba ta jira. A yi amfani da ɗaukar jere, inda wayar ke harba hotuna da yawa a tare. A wasu wayoyi riƙe maɓallin ake yi, a wasu jan sa gefe ko ƙasa. A fara bin tsuntsun tun yana nesa, a ci gaba da bin sa ana ɗauka. Cikin talatin, in an samu biyu masu kyau an ci riba. Wanda wayarsa ba ta da sashen Pro ya gwada manhajar Open Camera, kyauta ce a Android, tana ba da damar saita ƙiftawa da ISO da hannu in wayar ta yarda.

Gidan zu a matsayin makaranta

Kafin a tunkari tsuntsun da ke sama, gara a koyi aiki a kan dabbar da ba ta zuwa ko'ina. Gidan namun daji na Audu Bako da ke Kano, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1970, wuri ne da ɗan Zamfara da ya shiga Kano sayen waya ko kayan shago zai iya ware masa safiya ɗaya. Akwai zaki da kura da kada da jimina da birai, kowanne da darasinsa.

Lokaci shi ne na farko. Da rana ta take, zaki da kura sai su shige inuwa su kwanta. A je da zarar an buɗe ƙofa, ko bayan la'asar. A guji ranakun bikin Sallah, lokacin da cunkoso ke hana mutum ko tsayuwa.

Sai ragar waya. Kyamara na kama abin da ya fi kusa da ita, don haka raga ke fitowa tar, dabbar ta dushe. Mai babbar kyamara ya zuƙo sosai, ya buɗe ƙofar haske iyakarta, ya matso kusa da ragar gwargwadon inda aka yarda, ya jira dabbar ta yi nisa da ita. Sai ragar ta narke kamar babu. A zaɓi ɓangaren ragar da ke inuwa, domin wadda rana ta haska tana barin farin hazo a hoto. Waya ba ta iya narkar da raga haka, amma idonta ƙarami ne, yana shiga ramin raga. Wannan dabara ta kejin tsuntsaye ce kawai, inda baƙo ke iya isa jikin ragar. A danna a riƙe a kan dabbar har saitin ya kulle, don kada ya koma kan ƙarfe.

Kada a tsallake shingen da aka yi tsakanin baƙi da keji, ko a zura hannu. Biri na fizge waya cikin ƙiftawar ido, jimina na saran duk abin da ke walƙiya. A Oktoban 2019 wani zaki ya fita daga kejinsa a gidan zu na Kano, aka rufe wurin har sai da aka mayar da shi. Zaki na keji zaki ne. A kashe filasha, a bar jifa ko bugun ƙarfe don dabba ta waiwayo.

A saita a kan ido. In idon dabba ya fito sarai, mai kallo zai yafe sauran. A durƙusa a daidaita da tsayinta maimakon ɗauka daga sama, a kuma duba abin da ke bayanta: matsawa taku biyu na iya kawar da bokiti ko bangon siminti daga hoton. A inuwar keji haske na raguwa, ƙiftawa na yin nauyi, don haka a jingina gwiwar hannu a kan shinge. In an zo ɗora hoton, a faɗi cewa a gidan zu aka ɗauka. Hoton keji da aka ce na daji ne yana ɓata bayanan masu bincike, yana kuma zubar da mutuncin mai shi.

A dawo gida

Tsuntsayen farauta suna da jadawali. Da sassafe suna zaune a kan dogayen itatuwa da turakun lantarki da ƙarafunan sabis, wannan ne lokacin madubin hangen nesa. Da hantsi, in ƙasa ta ɗumama, iska mai zafi na tashi, su hau ta suna kewayawa ba tare da kaɗa fiffike ba. A farkon hawan suna ƙasa-ƙasa, nan ne damar mai hoto. Da azahar sun yi nisa, zafin da ke tashi daga ƙasa kuma yana sa hoton nesa ya yi rawa ko da kyamarar miliyan nawa ce.

Shirwa na bin kwata da juji da wurin da ake ƙona gona, inda take cafke fara da ƙwarin da wuta ta kora. Ana gane ta da tsagaggen bindi. Ungulu na da siririn baki da fuska marar gashi mai ja-ja. Mikiya ta fi ta girma nesa ba kusa ba, gashin bayanta kamar an yi masa zanen ɓawon kifi. Tsuntsu yakan tashi yana fuskantar iska, don haka wanda ya tsaya iska na bugun bayansa zai samu fuska, ba bindi ba.

Lokacin hunturu ƙura na dusashe launi, tana kuma shiga kayan aiki. Kada a sauya gilashi a fili. A hure ƙura kafin a goge, domin goge ta da bakin riga yana karce gilashi.

Tsaro kafin hoto

Hanyar Gusau zuwa Magami zuwa Ɗansadau ta sha fama da hare-haren 'yan bindiga, dajin Kuyambana kuma ba wurin yawon kallon tsuntsu ba ne a yanzu. Babu hoton da ya kai rai. Cikin gari, bakin kasuwa, saman soro da gonar bayan gida sun isa. Doguwar kyamara na jawo zargi, don haka a nemi izinin Sarkin Fawa kafin a ɗauki hoto a kwata, a sanar da mai unguwa, kada kuma a nuna kyamara wajen shingen jami'an tsaro. Mai son zuwa gindin Dutsen Kwatarkwashi ya tafi da ɗan gari, da sanin masu gari.

Akwai kuma tsaron tsuntsun. In an kunna alamar wuri a kyamarar waya, kowane hoto na ɗauke da ainihin inda aka tsaya a ɓoye cikin fayil ɗin. WhatsApp na goge wannan bayani in an tura a matsayin hoto, amma in an tura a matsayin fayil yana tafiya da shi. Tunda akwai masu farautar ungulu don sayarwa, kada a bayyana wurin sheƙa a dandalin sada zumunta, kada kuma a matsa kusa da sheƙar har uwar ta tashi ta bar ƙwai a rana. Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara.

Ina za a kai hoton?

Manhajar Merlin Bird ID, ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka, tana taimakawa wajen gane tsuntsu daga hoto, kuma in an sauke kundin yankin tana aiki ba tare da intanet ba. Mutanen Zamfara, da suka ga yadda aka katse layukan waya a Satumban 2021, sun san amfanin wannan. A iNaturalist ana ɗora hoto masana su tabbatar da sunansa, kuma akwai zaɓin ɓoye ainihin wurin, ta yadda jama'a ba za su ga komai ba sai faffaɗan yanki.

A gida Najeriya, cibiyar APLORI da ke Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen ƙasar a 2015. An raba ƙasar zuwa murabba'ai masu kusan kilomita 9 kowane gefe, 'yan sa-kai suna rubuta abin da suka gani da manhajar BirdLasser. Ba a neman digiri kafin a shiga, kuma rahoton tsuntsun da ba a cika gani ba ya fi karɓuwa in da hoto.

Kafin a tura, a ajiye asalin hoton ba tare da gyara ba, a yi gyaran a kan kwafi. Yankewa da ɗan ƙarin haske a Snapseed sun isa. A bar launin yadda yake. A rubuta rana da lokaci da gari da adadin tsuntsayen da aka gani. Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar wayar da kai game da ungulu ta duniya. Wanda ya fara gwaji da shirwar kasuwa tun yanzu, ya riƙa leƙa kwata sau ɗaya a mako yana ƙirgawa, zai kai wannan rana da hotunan da za su nuna ungulu nawa suka rage a garinsu.